Kududdufin Da Na Cike

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na ɗauki kwandon ƙasa a ka, hular kwanon injiniya a hammata, a gaban mutanen garinmu ba. Har yau in na bi hanyar Jega zuwa Maiyama, daidai wurin nake ƙara wa babur wuta.

A garinmu akwai wani tsohon lambu a gindin ragowar ganuwa, tsamiyoyi da giginyu ne waɗanda ba a san ma wanda ya dasa su ba. Shekarun nan ruwan sama ya canza hali. Sai ya yi sati uku bai leƙo ba, ran da ya ga dama kuma ya juye na wata guda kafin a gama alwala. Lambun ya riƙa cika, saiwoyi na ruɓewa. Kwamitin gari ya ce a gyara shi, sai aka tuna da ni, ɗan gari da ya karanto tsara filaye. (Na karanta kam. Takardar tana nan a bango, sai dai yanzu kalanda na rataya a kanta.)

A kusurwar gabas akwai wani kududdufi, ba komai cikinsa sai leda da kwaɗi da sauro. Ina ganinsa na ce wannan ne abin kunyar lambun. Na zana a cike shi, a shimfiɗa duwatsu da kujeru, a ja kwata ta siminti miƙaƙƙiya ta fitar da ruwa ta tsagar ganuwa. Taswirata a jikin ganuwa ta ƙare. Abin da ke bayanta kuwa, wallahi ban ko leƙa ba, alhali na san maƙabartar gari ce, kuma a gangare take.

Baba Manu, dattijon da ke share lambun tun kafin a haife ni, ya tare ni a gaban 'yan kwamiti. Bara aka binne matarsa, Inna Hajo, a layin da ke kusa da ganuwa.

"Injiniya, wanga rami shi ka riƙe ruwa har ƙasa ta shanye. In kac cike shi, ina za su kwana?"

Na gyara tsayuwa, na yi masa huɗuba a kan sauyin yanayi, har da nuna sama da biro. Na rufe da cewa, "Baba, ruwan yanzu ba irin na zamaninku ba ne." Aka yi dariya, ni ma na taya su. Ya ɗauki tsintsiyarsa ya wuce. Gaskiya na faɗa masa fa, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ruwan ya zo ne bayan la'asar, cikin watan Agusta, kamar da bakin ƙwarya. Yana ɗaukewa na garzaya lambu, na tarar da shi fes, ko ɗigo bai kwanta ba. Na ɗauki hotuna na tura wa duk wanda ke cikin wayata, har da wani abokin karatuna a Aliero da muka yi shekara ba mu gaisa ba.

Washegari na sa hular kwano, na naɗo taswira, na tafi karɓar yabo. Lambu ba kowa. Sai na ji ƙarar shebur a bayan ganuwa, na zagaya.

Ruwan da kwatata ta kora ya yanka maƙabartar gida biyu. Kaburbura sun rufta, itatuwan rufi a warwatse cikin laka. Maza sun fi a ƙirga, kowa na aiki, ana salati ƙasa-ƙasa. A layin farko na hango Baba Manu durƙushe, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe wani gefen likkafani da ya fito. Ban buƙaci a gaya mini kabarin wa ne ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna ita ma ni na tsaga ta.

Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi da na fi samun sauƙi.

"Injiniya, lambunka ya bushe?"

Ni kuma, don Allah ku ji wauta, na ce, "E, Baba." Amsa na ba shi! Liman ya sunkuyar da kai. Wani mahauci ya miƙo mini kwando ba tare da ya kalle ni ba, na yi ta jidar ƙasa har azahar.

Kafin sati ya zagayo mun sake haƙa kududdufin, a inda yake, ni ne a gaba da diga. Baba Manu bai taɓa tayar mini da maganar ba, yana amsa gaisuwata kullum, ni ne dai na kasa haɗa ido da shi har ya rasu. Kusa da Inna Hajo aka sa shi.

Yanzu duk inda aka kira ni aiki, kafin in zare biro sai na nemi mai shara na tambaye shi inda ruwa ke kwana. Sannan in zagaya bayan katanga da ƙafata, in ga wa ke kwance a can.