Harawa a Hanyar 'Yan Kwana-kwana

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar arba'in ɗin Yayana ba, Allah ya jiƙansa. Shi ne ya sa aka shimfiɗa farantan sola a saman ɗakin Inna, mahaifiyarmu, gab da rasuwarsa, don ta samu fanka da fitila. Masu aikin sun bar wani siririn fili tsakanin farantan, daga bakin rufin har ƙarshensa. Na ji Yaya yana cewa ƙa'ida ce, ban tambayi ta mece ce ba. (A ƙauyenmu, duk filin da ke saman ɗaki wurin ajiye harawa ne.) Da na cire gyaɗata, sai na jera dammunan harawa a wurin tsaf, har ina yaba wa kaina.

Ranar, bayan azahar, muna cikin addu'a a ƙofar gida, sai wata mata ta ƙwalla daga ciki: "Hayaƙi a kan ɗakin Inna!"

Inna ba ta iya tafiya sai an riƙe ta, kuma tana ɗakin. Ban san yadda na goyo ta ba. Na dai tuna ƙarar wutar a saman kanmu, da yadda ba ta da nauyi a bayana. Ina sauke ta na suri bokiti, sai Kawu Sale ya damƙo rigata. "Kai! So kake mu sake zaman makoki? Muddin akwai rana, akwai lantarki a jikin abin nan."

Haka muka tsaya muna salati har motar 'yan kwana-kwana ta iso daga gari. Babbansu ya kafa tsani, ya hau, ya tsaya cak. Ba a taka farantan, wurin da aka bar masa kuma harawata ce ke ci da wuta. Da ƙugiya ya riƙa janyo dammunan suna faɗowa tsakar gida kafin su ci ƙarfin wutar.

Da ya sauko, ya share fuska ya dubi jama'a. "Wannan filin hanyarmu ce. Don Allah wane mai hikimar ne ya mai da shi rumbu?"

Malamai, surukan Yaya, baƙi daga Bici, kowa ya shiga duban na kusa da shi. Ni ma na shiga waige-waige, kamar ina taya su neman mutumin. Sai ga ragona ya tsinke igiya, ya zo ya kafa kai a sauran harawar, yana ci yana goga ƙaho a ƙafata.

Kawu ya buɗe baki zai yi mini faɗa, Inna ta ɗaga hannu daga kan tabarma. "Ku ƙyale shi, Malam Sale. Shi kaɗai ya rage mini."

Da ma zagina aka yi, da ya fi mini sauƙi.

Ɗakin ya tsira, rabin aikin Yaya ya ƙone. Yanzu in na ga an bar wuri fayau, ko a sahun salla ne, sai na tambaya kafin in cike shi.