Ni Mai Aibin Nake So

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Sabi'u ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ta Kokoro ba za su bar ni ba.

Wayata ce ta ja mini. Ina zaune a shagona na robobi a kasuwar Kilomita Biyar na ci karo da bidiyon wani Bature yana bayanin cewa in aka yi kuskure a gidan buga kuɗi, hatimi ya goce, harafi ya fito biyu, ko 'yar alamar gidan ta ɓace, akwai masu neman irin wannan tsabar ido rufe. Ni da ko hoton aurena ban san inda yake ba, rana ɗaya na zama mai tara sulalla. Na sayi gilashin ƙara girma. Mai saye na tsaye yana jiran canji, ni ina leƙen tsaba kamar likitan ido. (Kun dai san wuyar canji a Bangui. Wata mata ta zage ni da yaren Sango tun daga shago har ta hau babur.)

Ana nan sai na same ta: tsohuwar dala goma, wato sefa hamsin, harafin B da ke nuna ta ƙasarmu ce ya fito da inuwa, kamar sau biyu aka buga shi. Matata ta duba ta ce, "Malam, wannan ai dauɗa ce." Na naɗe abata a hankici, duk inda za ni tana aljihu.

Ran ɗaurin aure ni ne wakilin ango, tunda mahaifinmu ya rasu. Masallaci ya cika, ga zafi. Ina gaban liman, Baffa Isa waliyyin amarya na gefensa, a tsakaninmu ga farantin sadaka cike da tsaba. Na zaro hankici in share gumi, sai na ji ƙil! Abata ta faɗa cikin 'yan'uwanta.

Mai hankali zai bari a gama. Ni kuwa na zura hannu ta ƙarƙashin babbar riga, ina tsinto ɗaya ɗaya ina dubawa a sace. Na nemi auren kamar yadda aka saba (bakina ne ya nema, hankalina yana faranti). Baffa Isa ya ce ya ba mu Hadiza. Liman ya miƙo mini lasifika daidai baki.

"Wakilin ango, kun karɓa?"

A daidai lokacin na ɗaga wata dala goma sama, na ga B ɗinta tas. Takaici ya kama ni.

"Ba ita ba ce! Wannan lafiyarta ƙalau. Ni mai aibin nake so!"

Muryata kuwa ta fita ta kan hasumiya har cikin gidan biki, inda mata ke jiran su yi guɗa.

Baffa Isa ya gyara zama. "Alhaji, 'ya'yanmu duk lafiyayyu ne. Mai aibin a wane gida kuka gan ta?"

Kawun amarya, wanda ba ya jin Hausa sosai, ya nemi a fassara masa. Aka samu mai taimako ya maimaita maganata da Sango, da ƙarfi, don kada wani ya rasa rabonsa. Sabi'u ya kifa kai a gwiwa.

Sai na ce bari in gyara. "Baffa, wallahi in tana da aibi ta fi tsada. Turawa ma ita suke nema."

Kawu ya miƙe tsaye. Da Sabi'u bai yi wuf ya ɗaga hannuna da ke riƙe da kuɗin sama ba, yana rantsuwa yana bayani, da auren nan ya watse. Liman ya dube ni, ya dubi faranti, rawaninsa ya fara girgiza don danne dariya. Da ƙyar ya iya maimaita tambayar.

"Mun karɓa," na ce, da muryar da ni kaina ban ji ba.

Ladan ya ɗauke faranti da dukiyata a ciki, ina ji ina gani. Hadiza kuwa yarinya ce mai ladabi. In ta zo gaishe ni takan durƙusa ta ce, "Yaya, ina kwana? A yi haƙuri, har yanzu lafiyata ƙalau."

Abin da na koya shi ne, in mutum zai yi magana da zuciyarsa, ya fara duba abin da aka kara masa a baki.