Yadda Za Ka Burge Surukinka da Aikin Gidan Auta

Malamar makaranta ta ba 'yarka Auta aikin gida: ta sami hoto, ta rubuta gajerun jimloli a kan abin da ta gani. Ga shi kuma surukinka ya zo yini, mutumin da har yau yake maka kallon wanda ya tsinci dami a kala. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin ya tashi tafiya sai ya san ko kai wane ne.

1. Zaɓi hoton da zai fitar da kai kunya

Littafin Auta cike yake da zanen kyanwa da bokiti. Rufe shi, ba a burge suruki da bokiti. Sauko da hoton nan na bangon falo, wanda ka jingina da jar mota, tabarau a goshi. Motar da ka ce taka ce lokacin neman aure, wai tana gareji, har aka haifi Auta ba ta fito ba. Goge gilashin da gefen riga.

2. Kafa doka

Gyara murya yadda tsoho zai ji: "Auta, abin da idonki ya gani shi za ki rubuta. Ban da ƙari, ban da ragi. A gidan nan ba ma ƙarya." In ka ji matarka ta yi tari daga kicin, hayaƙi ne.

3. Fara da mai sauƙi

Tambaye ta wa ta gani. Za ta ciji fensir, ta rubuta, "Ga Baba." Yaba mata. Za ta ƙara, "Baba yana da gashi." Kada ka shafa kanka, masana sun tabbatar sanƙo rumbun hikima ne. Idan ta rubuta, "Mota ja ce," surukinka zai gyaɗa kai ya ce ya san irinta sarai. Nan ne wurin ba shi labarin gudunta.

4. Kada ka bari ta matso da hoton kusa da ido

Wannan ne matakin da ya fi kowanne, kuma na san zai wuce ka, don kana can kana kwatanta yadda kake shan kwana. Babba fuskarsa kawai yake dubawa a hoto. Yaro kuwa gefe-gefe yake bi, kamar kaza tana kiwo.

5. Yi murmushi yayin karatu

Kakanta zai ce ta karanta da ƙarfi. Za ta miƙe, ta bi layi da yatsa: "Wani mutum yana bayan bishiya. Yana gudu. Yana riƙe da makulli. Ya ɗaga takalmi. Yana fushi da Baba."

Ka ce direbanka ne. Za ta tambaye ka ko direba yana jifan maigida. Ka ce na da can suna yi.

6. Nemi wurin zama

Tsoho ba zai ma karɓi hoton ba. Zai kurɓi shayinsa, ya ce, "Jikata, goge 'wani mutum', ki rubuta 'Kaka'."

Sannan ya juyo gare ka: "Motata ce, yaro. Tun ranar da ka fara zuwa gaisuwa na gane ka. Na yi shiru ne don 'yata ta ce tana son ka ko a ƙafa kake. Abu ɗaya ne bai bar raina ba: da na jefe ka, me ya sa ka gudu da takalmin?"

Kunya za ta rufe ka har wuya. Ƙara masa shayi.

Hattara

Mai wannan shawara ba ruwansa da dariyar da ke tashi daga kicin, ko lambar takalmin da za a turo maka gobe. Haka kuma ba shi ya sa malama ta ga aikin Auta ya fi na kowa ba, har ta liƙa shi tare da hoton a ƙofar aji, daidai inda iyaye ke tsayawa ɗaukar yara.