Ranar da Na Ɓoye Majinyatan Garinmu a Gonar Dawa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da rijiyar bakin masallacinmu ta rufta ba, don a kakar shekarar ne na tafka abin da har yau in na tuna sai tuwo ya fita raina. Zamanin Turawa ne. Ina da shekara arba'in da 'yan kai na shiga ajin yaƙi da jahilci a ƙauyenmu, arewa da Ɗanbatta. Mu goma sha biyu muka fara, sauran suka zame ɗaya bayan ɗaya, ni na daure har na iya haɗa baƙi. (Ba kaifin ƙwaƙwalwa ba ne, haƙuri ne irin na jaki.) Aka fara ce mini Malam, ni kuwa na sayi fensir na maƙala a hula.

Wata rana aka kawo wa Dagaci takarda daga birni, ya sa aka kira ni. Na karanta da ƙyar: ran Talata wani malamin asibiti zai zo ya ƙirga marasa lafiya, da makafi, da guragu, da masu kuturta.

Dagaci ya ce, "To Malam, in sun ƙirga me za su yi da su?"

Takardar ba ta faɗa ba. Kamata ya yi in ce ban sani ba. Amma ga fensir a hula, ga dattawa sun zuba mini ido. Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe aka taɓa ƙirga mu don alheri? An ƙirga kawuna, haraji ya biyo. An ƙirga shanu, jangali ya biyo. Waɗannan kwashe su za a yi, a kai su inda ba mai sake ganinsu."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gaskata kaina, don ina da nawa a gida. Yaya Sale, wanda ya rene ni bayan rasuwar mahaifinmu, masaƙi ne, kuma kuturta ta fara taɓa hannunsa. Yatsun ba sa jin zafi, amma har lokacin yana saƙa.

Ran Talata da sassafe muka yi musu yadda ake yi wa shanu ranar jangali. Ba a yanke dawa ba tukuna, sai muka shigar da su tsakiyar gona: makafi uku riƙe da sanda ɗaya, gurgu a kan jaki, da tsohuwa Inna Delu mai tari. Yaya Sale ya tsaya a bakin gona ya ce, "Ka dai tabbata, ɗan boko?"

"Da idona na karanta, Yaya."

"To Allah ya sa idon naka ya fi hannuna lafiya."

Da hantsi baƙo ya iso a kan keke, duk ya yi gumi. Ya tambayi majinyata. Na ce, "Garinmu lafiya lau, ko mai mura babu." Ban rufe baki ba sai tarin Inna Delu ya taso daga cikin dawa. Na ce akuya ce. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo littafi ya ce in sa hannu. (Ranar na fara rubuta sunana a takardar hukuma. Har ado na yi masa.)

Bayan an gama sussuka wata takardar ta zo. Gari ya taru a ƙofar Dagaci, har da Yaya Sale. Sabon mai karatu ba ya hangen abin da ke gabansa, kalma ɗaya yake ɗauka ya ajiye kafin ya kai ga ta gaba. Na karanta cewa hukumar birni ta ware kuɗi don gina ɗakin shan magani, da raba maganin kuturta kowane mako, da taimakon makafi da guragu. Mata suka rangaɗa guɗa. Na ƙara ɗaga murya. An so a gina a garinmu don yana tsakiya. Amma tun da an sa hannu cewa ba mu da majinyaci ko ɗaya, an mai da shi wani gari can bayan Makoda. Mai sa hannun kuwa shi ne... da bakina na karanto sunana, tiryan-tiryan, kafin in gane nawa ne.

Can sai Inna Delu ta yi tari ta ce, "Malam, akuya na gaishe ka."

Wasu suka yi dariya. Yaya Sale kuwa ya tura hannunsa cikin riga ya tashi ya tafi gida. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Tafiyar rabin yini ce zuwa ɗakin maganin. Da rani nakan ɗora Yaya a jaki duk mako mu je. Da damina ruwa ya cika fadama, ga noma, sai mu yi wata ba mu leƙa ba, maganin kuwa ba ya son fashi.

Na cire fensir daga hula tun ranar. An koya mini baƙi da wasali, ba a koya mini cewa "ban sani ba" a gaban mutane ba, sai da na koya da kaina. Ga abin da karatun ya ci: ɗakin magani ɗaya, jaki ɗaya da ya mutu a hanya, Inna Delu da ba ta ga wata kakar ba, masaƙar gidanmu, da yatsu huɗu na hannun da ya ciyar da ni.