Rigar Lawali da Kunun Hajiya Delu

"Lahiya lau, tsohuwa. Ƙaƙa gwiwa? Har yanzu tana kuka in kin tashi?"

"Gwiwata ta hi ƙirjinka lahiya, mijin banza. Kwana uku ban ga ƙeyarka ba, ko cehwane babu."

Lawali ne durƙushe a ƙofar ɗakin kakarsa, Hajiya Delu, a gidansu na Ƙofar Taramniya, da ƙunshi a hammata. Damina ce, cikin shekarun nan da soja ke mulki, kuɗin mai ya shigo, kantuna suka cika da kayan da ko sunansu ba mu iya faɗa ba. Ya gama karatun likitan dabbobi a Zariya, an tura shi bautar ƙasa can Dutsen Mambila, inda zai riƙa yini a kan tudu yana yi wa shanu allura cikin ruwa da iska. Gobe da safe motarsa za ta tashi.

Sai dai akwai magana. Yana ɗan shekara bakwai ciwon haƙarƙari ya kusa tafiya da shi, tun daga nan Hajiya ba ta yarda da ƙirjinsa ba. Ta ce ba za ta sa masa albarkar tafiya ba sai ta ga abin da zai rufe ƙirjin nan da shi. Shi kuwa, duk da digirinsa, ko Boɗinga ba ya zuwa in ba ta ce "Allah shi kiyaye" ba. Kuma ba tsohuwar da za a yi wa wayo da tufa ba ce. Shekara arba'in tana sayar da yadi da atamfa daga cikin ɗakinta, in ta murza ƙyalle da yatsu biyu sai ta gaya maka asalinsa.

Ya kwance ƙunshin. Riga ce shuɗiya, mai zif a gaba, an yi mata ɗinki layi-layi kamar kunyoyin gona.

"Mi na na wanga?" in ji Hajiya. "Matashin kai anka yi ma hannuwa?"

"Rigas sanyi ta, Hajiya. Jaket aka ce mata. Kantuna huɗu niz zaga kahin in zaɓe ta."

Ta ɗora ta a tafin hannu, ta ɗaga, ta sauke, ta taɓe baki.

"Ɗan tsakona ya hi ta nauyi. An cuce ka, likitan awaki. Iska anka ɗinke anka saida ma."

"Ai iskan aka so. Audugar roba ta ciki, ita ka riƙe ɗumin jiki, ba ta bari shi hita."

"Jikin wa? Kai da ba ka da naman da za a kaɗa miya, wane ɗumi za ta riƙe?"

"Ɗumin zagin da kinka cika ni da shi tun ina goye. Ya ishe ni shekara guda."

Ta yi tsaki, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Da ta buɗe, warin kafur ya cika ɗakin. Ta fito da wani ƙaton kwat na ulu mai ruwan ƙasa, da maɓallan tagulla. Na marigayi mijinta ne, Malam Jibrin, ya saye shi a hannun wani soja da ya dawo daga yaƙi. Tun rasuwarsa ba ta bar kowa ya taɓa shi ba, ita kaɗai ke shanya shi sau ɗaya a shekara.

"Ga riga ta maza. Sa in gani."

Lawali ya sa. Kafaɗunsa suka sauka, hannuwansa suka ɓace, gindin kwat ɗin yana sharar ƙasa.

"Hajiya, wanga ai hukunci na. In na hau dutse da shi, ni za a yi ma allura, shanu su tsaya suna kallo."

"Kakanka da shi yat tahi Agadas sau tara, ko atishawa bai yi ba."

"Bisa raƙumi hwa! Raƙumin ad da lada. Ni da ƙahwata za ni hawa, ga jakar magani, ga igiya."

"Ka dai hwaɗi gaskiya, ba ka kai shi ba."

"Na kai shi. Ba ga shi na gaji matatai ba, da gwiwa mai kuka?"

Ta kai masa duka da mafici, ya goce. Sannan ta juya jaket ɗin ciki waje, ta bi ɗinkin da farce. Wanda ya san Hajiya ya san in ba ta kushe ɗinki ba, to ɗinkin ya burge ta. Ta zaro zare ɗaya, ta kanga shi a garwashin da ke cikin kasko. Zaren bai kama wuta ba, sai ya narke ya dunƙule.

"Ka gani? Ko toka bai yi ba. Tuhwar kirki toka taka yi."

"Haba, tsohuwa! Mai kanti yac ce in ba ta yi ba in maida mai. Yanzu kin zare ta, wa za shi karɓa?"

"To, ta zama taka. Sai mu gwada ta da gaskiya."

Gwajin Hajiya irin na masu girki ne. Ta dama kunun tsamiya, ta zuba a kwano biyu iri ɗaya, ta rufe. Ɗaya ta naɗe shi a kwat ɗin Malam Jibrin, ɗayan a jaket, ta ajiye su a bakin zaure inda iska ke ratsawa.

"Wanda yar riƙe min kunu da zahi har la'asar, shi za shi riƙe min kai."

"Na yarda. Amma can kullum ruwa aka yi, sai mu yi musu damina."

Kafin ta buɗe baki ya ɗauki buta ya yayyafa wa kowanne rabi. Kwat ɗin ya shanye ruwan ya yi baƙi. A kan jaket kuwa ruwan ya tattaru ƙwaya-ƙwaya, ya gangara ƙasa abinsa.

"Kai! Ka jiƙa min Jibrin?"

"Shi da yat tahi Agadas sau tara, buta za ta ba shi tsoro?"

"Ga ta nan, ko ruwa ba ta sha. Girman kai gare ta, awa mai ita."

Suka yi sallar azahar, suka ci abinci, ta ƙirga masa laifuffukansa tun daga fitsarin da ya yi mata a zanen salla har zuwa gashin bakin da ya tsayar a Zariya. Shi kuma ya yi alkawarin in ya dawo zai duba haƙoranta kyauta, kamar yadda yake duba na tsofaffin jakai. Da aka kira la'asar suka nufi zaure.

Ta fara da kwat. Da ƙyar ta ɗaga shi, ruwa ya ninka nauyinsa. Ta buɗe kwanon, ta tsoma yatsa.

"Da ɗumi."

"Ɗumin mi? Ga shi ya sandare, ko jariri a ba shi."

Ta kwance jaket, ta ɗaga murfi, ta tsoma yatsar da gadara. Ta zare ta a guje, ta ɓoye a bayan zane.

"Mi ya hwaru, Hajiya?"

"Ba komi."

"To mi ya sa kina hura yatsa?"

"Tasbihi nika yi, ɗan nema!"

Lawali ya faɗi zaune don dariya. Ita kuwa ta ɗauki jaket ɗin ta sa hannu ciki, ta ji bushe yake ƙamas, ga ɗumi kamar yanzu wani ya tuɓe ta. Ta daɗe tana shafa ta.

"Wanda yay yi wagga riga ya san aikinai," in ji ta. "Na yi shekara arba'in ina auna ɗumi da nauyi, yau ga ɗan tsako ya kada ni. Laihinta guda, ba ta son wuta. In kun zauna jin ɗumi ga rugga, ka ja baya."

Sai ta juya ga kwat ɗin, muryarta ta sauka.

"Ba nauyinai nika so ba, Lawali. Cikinai nin naɗe ka sadda kana shekara bakwai, ƙirjinka na ƙara awa zuga-zugi, kowa ya hidda rai. Kwana goma sha ɗaya kana ciki, Allah yat tashe ka. Shi yas sa."

Dariyar ta ɗauke masa. Bai taɓa jin wannan ba, kuma tausayinta ya kama shi.

"To in tahi da shi, Hajiya. Wallahi ina iya ɗauka."

"Ka ɗauki mi? Raƙumi na kai?"

Ta shiga ɗaki ta fito da almakashinta na yadi. Kafin ya ce wani abu ta kama gindin kwat ɗin da ta hana kowa taɓawa, ta keto tsiri mai faɗin tafin hannu daga gefe zuwa gefe. Ta matse ruwan, ta miƙa masa.

"In ya bushe in kalmashe ma bakinai. Rigarka ba ta kai wuya ba, wanga shi rufe. Jibrin ba shi jin sanyi inda shike."

Lawali ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu.

"To, albarkar hwa?"

"Ka ji sharaɗi tukuna. Wagga jaket, aro na nib ba ka. In ka gama da shanunka, jaket tawa ta, kununa na son ta."

"Ashe kunu kika yi ma tanadi, ba ni ba."

"Da wa za ni yi ma?" Ta ƙyalƙyale da dariya, tana goge ido da bakin mayafi, ta ɗora hannu a kansa. "Tahi, mijin banza. Allah shi kiyaye hanya. Allah shi maido min da rigata lahiya, da abin da ke cikinta."