Gatarin Fintan MacRory

Duk wanda ya kwana biyu a garinmu ya san darajar Fintan MacRory, domin shi da kansa zai tare ka a ƙofar kantinsa na ƙusoshi da fenti ya sanar da kai. Jarumi ne ɗan jarumai. Gaskiya tun da aka haife shi ɓerayen sito kaɗai ya taɓa yaƙa, su ma kyanwa ce ta ƙarasa aikin, amma jini ai jini ne.

Kakanninsa, in ji shi, mayaƙan haya ne da suka ƙetaro teku daga tsibiran Scotland shekara ɗari bakwai da suka wuce, kowanne da gatari mai tsawon mutum. Ya sa an ƙera masa irinsa, ya rataye a saman teburin kantinsa. 'Yan gari suka raɗa masa Sarkin Gatari. Shi ya ɗauka naɗi ne.

Matarsa Bridie, 'yar gidan Geraghty, ta fi kowa cin moriyar wannan ilimi. Tana feraye dankali zai tsaya a kanta ya ce, "Lokacin da kakannina ke sare kawunan sarakuna, naki suna tsugune gindin saniya." Shekara talatin da ɗaya amsarta guda ce: "Shayinka zai huce, jarumi."

Bana gari ya shirya bikin tarihi da jerin gwano daga coci zuwa gada. Wa zai shige gaba? Fintan bai ga abin tambaya a nan ba. Amma don kada wasu manoman tumaki su yi masa kutse, ya miƙe a taron kwamiti ya kawo doka: kowane gida ya tsaya daidai inda tarihi ya ajiye shi. Fada Colm, limamin coci kuma shugaban kwamiti, ya sa aka rubuta. Fintan kuma ya gayyato Dokta Orla Tierney daga jami'a, mai karanta tsofaffin rubuce-rubuce, ta zo ta tabbatar wa jahilai.

Ta zo da hoton wata tsohuwar takardar fata, ta roƙe shi su keɓe tukuna.

"Haba 'yata!" in ji shi. "Tarihin gidanmu ba a raɗa shi. A zauren taro za ki karanta, gaban kowa, da ƙarfi!"

Zaure ya cika. Fintan ya zauna a layin farko, gatari a kan cinya. Dokta ta gyara murya ta karanta cewa wani sarkin tsibiri ya aurar da 'yarsa zuwa wannan yanki, ya haɗo ta da shanu arba'in, tukwanen tagulla uku, mazaje sittin na gidan MacRory, da barguna.

"Kun ji ko!" Fintan ya daki ƙasa da ƙotar gatari. "Mu muka rako gimbiya!"

"Ba rakiya ba ce, ranka ya daɗe," ta ce tana kallon takalminta. "A wancan zamanin, uba kan sa mayaƙa cikin kayan auren 'yarsa. Da an ɗaura aure sun zama na gidan ango."

Daga baya mahaucin gari ya ɗaga murya: "Dokta, to wane ne angon?"

"Wani ɗan gidan Geraghty."

Bridie ta cire tabaranta, ta goge, ta mayar. Ba ta yi dariya ba. Sauran zauren suka yi mata.

Fintan ya ce takardar jabu ce, ya ce jami'a ta lalace, ya ce dokar nan ma a sake duba ta. Fada Colm ya buɗe littafin kwamiti ya nuna masa sa hannunsa, wanda ya cinye rabin shafi.

Ranar biki aka tashi da yayyafi. Amalanken dangin ango ya shige gaba, Bridie a zaune bisa dami da sabuwar hula. Shanu suka biyo, sai tukwane uku a baro, sai Sarkin Gatari cikin rigar ƙarfe ta aro, yana tsallake abin da shanun suka bari a hanya. Barguna na bayansa.

A kan gada baron ya yi tangal-tangal. Bridie ta waiwayo ta ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Maigida, tallafe tukwanen nan mana. Ku duka kayan gidanmu ne."