Rasuwar Dakalin Malam Tsoho na Cadawa

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Malam Tsoho na Cadawa ke sanar da dangi, maƙwabta da duk wanda ya taɓa ɗora ɗuwawunsa a ƙofar gidansa, cewa Dakalin Siminti ya riga mu gidan gaskiya, bayan doguwar jinya da tsagewa.

An haifi marigayi daga ragowar simintin wata rijiya, a unguwar da kowa ke zama kan ƙasa ko kututture. Shi ya mai da Tsoho mutum. Kafin zuwansa ko kaza ba ta tsayawa a ƙofar gidan, amma da ya bushe, nan ake hira, nan ake sulhu, kuma maganar mai dakali ce ta ƙarshe ko da ba ta da kai. Marigayi mai haƙuri ne. Ya ɗauki masu ƙiba bai yi ƙorafi ba, ya ji asirin gari bai kai wa kowa ba. In an ƙwanƙwasa shi da sanda, amsarsa ɗaya ce: ƙwal.

Ciwon ya soma da 'yar tsaga kamar zare. Ya yi tsanani a shekarar 'yancin kai, lokacin da Tsoho ya ƙudura shafa masa fenti kalar sabuwar tuta, don baƙin da za su zo daga Maraɗi su san Cadawa ma ta waye. Chindo magini ya duba majinyaci, ya ce sai an faɗaɗa tsagar da guduma, a share ƙurar, a cika da sabon siminti, a yi ta ba shi ruwa har ya kama, sannan fenti. Tsoho ya kore shi. A ganinsa mai ƙara wa rauni faɗi ba likita ba ne, mahauci ne. Ya yi wa masoyinsa irin jinyar da ake yi wa bangon ƙasa tun kakanni: ya kwaɓa laka da kashin shanu, ya cusa, ya lailaye da tafin hannu, ya bi da fenti. Baƙin ba su zo ba, amma dakali ya yi kyau.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, 'ya'yan gawo shanun suka ci, irin kuma yana cikin kashin. Damina na sauka, wani ɗan tsiro ya leƙo ta tsakiyar tuta. Tsoho manomi ne, kuma hannun manomi ba ya iya tumɓuke gawo, ko a tsakar ɗakinsa ya fito. Haka ya zauna damina bayan damina yana kallon saiwa na cin amininsa, zuciyarsa a rabe. Muryar marigayi ta koma ɓus. Ranar kasuwar da ta wuce, da hantsi, ya ce tas, ya rabu uku.

Ya rasu ya bar Zinariya, uwargidan Tsoho, da ba ta da wurin shanyar kuɓewa, da rabin gwangwanin fenti, da awaki masu sosa baya a gefensa. Ya kuma bar 'yan hira, waɗanda tun gawa ba ta huce ba suka tare a kututturen maƙwabci Balarabe. Wannan ya fi mutuwar kanta yi wa Tsoho ciwo, kuma ya ce a rubuta.

Za a ɗauki gawar a amalanken jaki ranar Juma'a bayan la'asar, a binne ta a kwazazzabon bayan gari. An roƙi Chindo ya zo, amma kada ya ce komai. Zaman makoki a ƙofar gida ne, kowa ya riƙo tabarmarsa, don mai ɗaukar baƙi shi ne ya tafi. Za a karɓi gaisuwa a gindin wanda ya yi kisan, wanda inuwarsa a yanzu ba ta wuce ta mutum ɗaya ba. Tsoho ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, yana ba shi ruwa safe da yamma, yana jiran ranar da zai yi inuwar da za ta dawo masa da mutanensa.